Garwashin da Rimas Ya Ɗauko a Tukunya

Duk wanda ya taɓa shiga bas mai igiyar lantarki a birnin Kaunas ya ji direba yana yi wa fitilar hanya faɗa kamar surukarsa ce, to Rimvydas ne ya ɗauko shi. Rimas ake ce masa. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki kamar burushin goge takalmi, kuma shi da shiru ba sa ga maciji. Uwarsa, wadda ba ta fashin coci, ta sha cewa ranar da aka yi masa baftisma ma sai da ya tanka wa fada, limamin cocin.

Tuƙi shi ne abincinsa, amma ba da shi mutanensa suka san shi ba. Uban wasa ne. Abin ya shigo musu a shekarun da Sobiyet ta kwashe komatsanta, kantuna suka zama fayau, samari ba abin yi sai zaman benci. Wani ɗan unguwarsu ya dawo daga Poland da littafin dokokin wani wasa, an yi ta kwafarsa a inji har haruffan suka koma kamar sawun tururuwa. Ba wanda ya iya yaren. Rimas ya ce shi ya gane. Abin da ya gane bai cika cokali ba, sauran duk ƙirƙira ce, kuma har yau abokansa ba su san inda littafi ya tsaya Rimas ya ɗora ba.

Wasan kuwa ba wuya. Kowa yana da jaruminsa a takarda: sunansa, ƙarfinsa, abin da ke jakarsa. Uban wasa ya faɗi inda suke da wanda ya tare hanya, su kuma su faɗi abin da za su yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Ashirin, ka yi abin a zo a gani. Ɗaya, ka shiga uku. Irin wannan ɗan lidon ba a sayar da shi a gari a lokacin, sai Zenonas, wanda ke koyon haɗa haƙoran roba, ya zuba musu guda da kayan aikinsa. Ya fito jaja-jaja kamar dasashi, kuma da shi suke wasa har gobe.

Dodannin littafin ba su daɗe ba Rimas ya gundura da su. Ya kwaso wasan ya dawo da shi dazuzzukan gida, zamanin da kakanni ba su karɓi baftisma ba, mahaya masu sulke da giciye a ƙirji suna tsallako ƙanƙara, Perkūnas, babban allan kakannin, yana tsawa a sama, macijin gida yana shan madara a gindin murhu. A wannan teburin ya samu mata. Nijolė 'yar firit ce, tela, amma a takarda ƙato ne mai gatari, kuma Rimas yakan ce ya aure ta ne don gudun sara. Na huɗunsu Vaidotas, dogo, malamin koyar da aikin katako a makaranta, mutumin da in ya yi magana uku a wuni to ya yi surutu. Jaruminsa Vilgaudas, maharbi mai ɗibar zuma, ya fi 'ya'yan Rimas shekaru. Matar Vaidotas, Aldona, ba ta wasa, sai dai ta zauna gefe da fensir. Ita ta zana Vilgaudas a kusurwar takardar, ta ba shi dogon hancin mijinta, kuma kowa a teburin ya san haka.

Kowace Lahadi bayan abincin rana suna ɗakin katakon da ke lambun mahaifin Rimas, can bayan gari. An yi aure, an yi haihuwa, kuɗin ƙasa ma ya canja suna, gashi ya zube, teburin yana nan.

Sai Aldona ta rasu. Vaidotas ya rufe ƙofa, ya bar makaranta, ya bar aski. Da ya fito kuma sai ya fito da wani abu sabo: ya shiga cikin masu bin addinin kakanni, waɗanda ke sa rigar lilin su hau tudu su kunna wuta, su yi tsofaffin waƙoƙi, su ba wutar gishiri. Ga Rimas, alloli kayan wasa ne, har muryoyi yake musu. Ga Vaidotas yanzu ba haka ba. Musamman Gabija, mai wutar murhu, wadda ba a tofa mata yawu, ba a zuba mata shara, in za a tafi a lulluɓe ta da toka a kwantar da ita. Shi ya karɓi aikin murhun ɗakin lambu. Ya samo wa Zenonas gwangwani don guntayen tabarsa, aka daina jefa ko ɓawon lemo a wuta. Rimas ya raɗa masa Limamin Hayaƙi, shi kuma bai damu ba. Wutar tudu sai lokacin biki ake kunna ta, don haka teburin Lahadi ne kaɗai ke fito da shi daga gida, kuma nan ne kaɗai Nijolė ke iya cika masa faranti ta tsare shi da ido har ya cinye.

Ranar da abin ya faru kaka ce, tuffa na ruɓewa a ƙasa, murhu na ci. A cikin labari mahayan sun biyo su kan daskararren tafki. Vaidotas ya ce Vilgaudas zai tsaya a baya ya fasa ƙanƙarar, sauran su gudu.

"Ka tabbata, tsoho?" in ji Rimas. "Ƙanƙarar nan ba ta san gwani ba."

"Ba ni ɗan lidon."

Ya jefa. Ɗaya.

Zenonas ya yi tsaki. Rimas ya sosa ƙeya, ya ce to, ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashinsa, amma akwai wani reshe da ya leƙo, ya sake jefawa ya gani ko zai kama. Reshe a tsakiyar tafki. Vaidotas ya sake jefawa, ɗan lidon ya gangara ya tsaya a gindin kwalbar giya. Biyu.

Ba yadda Rimas ya iya. Ya faɗi yadda ruwa ya rufe, da mahayan da suka bi shi ƙasa da dawakinsu, da hular maharbin tana yawo a sama. Ya faɗa da kyau, don ya iya.

Teburin yana da al'adarsa tun suna samari. Jarumin da ya mutu, mai shi ke ninke takardar da hannunsa ya sa a wuta, sauran su miƙe su kurɓa. Nijolė ta yi sau da yawa, Zenonas kuwa ba a magana, don jarumansa ba sa kai wata. Vaidotas bai taɓa yi ba. Ya zauna da takardar a gabansa, ta yi laushi kamar tsumma, yana kallon kusurwar nan, hannunsa bai motsa ba. Aka yi shiru, shirun ya yi ta tsawo, itace na ƙara a murhu.

Wani zai iya jira. Rimas ji ya yi kamar an ɗora masa bas a ƙirji. Ya miƙe ya hau tattara tebur, ya dunƙule jaridar da aka naɗo kyafaffen kifi da ƙayoyin a ciki, ya zari takardar daga gaban abokinsa ya haɗa, ya buɗe murhu.

"Tashi, Liman, kada gawa ta yi wari. Gabija, ga naki nan, har da kifi, kada ki ce an yi babu ke."

Man kifin ya sa wutar ta tashi fuu.

"Rimas," in ji Nijolė. Abin da ta ce ke nan.

Vaidotas ya durƙusa gaban murhun yana kallo har abin ya zama baƙi. Ya rufe ƙofar a hankali, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya fita. Bai lulluɓe wutar ba.

Lahadi ta zo babu shi, wata ta zo babu shi. Waya sai ta yi ta ringin. Nijolė ta kai masa miya a kwalba, ta koma bayan kwanaki ta tarar da ita a bakin ƙofa yadda ta ajiye.

"Bakinka ya jawo, ƙafarka za ta kai ka," ta ce wa mijinta. "In mutumin nan ya mutu da yunwa a ɗaki, kai zan sa a murhu, kuma ba kifi."

Rimas ya je. Ya yi ta danna ƙararrawa yana rera waƙa a ramin makulli har maƙwabciya ta leƙo, sannan aka buɗe. Vaidotas ya rame, wandonsa na neman faɗuwa. A kicin ba komai sai guntun baƙin burodi da ya bushe.

"Na zo da albishir," in ji Rimas. "Na duba teburin nan. Akwai tsagi daidai inda kwalbar take. Ɗan lidon bai zauna daidai ba, jifan bai ƙirgu ba. Vilgaudas yana da rai. Wata 'yar ruwa ta tsamo shi, kyakkyawa, har da…"

"Biyu ne. Na gani."

"Idonka ba na da ba ne, tsoho."

"Ya mutu, Rimas. Wanda ya mutu ya mutu. Kada ka zo mini da 'yar ruwa."

Rimas ya zauna kan kujerar da ba a ba shi ba. Ya so ya ce wani abu game da zanen, ya buɗe baki, ya ga ba shi da kalmar da ba ta da wutsiyar raha, ya rufe.

"Takardar dai da ma wuta za ta," Vaidotas ya ce can. "Ni zan sa ta. Ina neman ƙarfin ne kawai. Kai kuma ka tura su da ƙayar kifi, shi da aikin hannun Aldona, ka ƙazantar da wutar a kansu. Ba zan ƙara zama gaban wannan murhun ba."

"To a sayo wani."

"Ba ƙarfen ba ne."

"To me ake yi? Ku ba ku da wanka ne, ko tuba, ko wani abu? Mu a coci sai ka shiga akwati ka faɗa wa fada, ka fito fes."

Vaidotas ya daɗe yana kallonsa, kamar yana auna ko tsiya ce. Sannan ya faɗa masa. A kwashe tokar duka, a wanke murhun da ruwa mai tsabta. A ɗauko sabuwar wuta daga ta tudu, ranar da za su kunna wa magabata, a kawo ta da ranta har ɗakin. Ba ashana, ba laita. Kuma wanda ya ɓata shi zai ɗauko.

"Shi ke nan?" in ji Rimas. "Ni da nake ɗaukar rabin gari kullum?"

Ya kwashe tokar a bokiti, ya rasa yadda zai yi da ita, don ba mai iya raba ta maharbi da ta kifi. A ƙarshe ya binne duka a gindin tuffa. Ya goge murhun har gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Ranar wutar, shi da Zenonas suka hau tudun da tukunyar ƙarfe ta Nijolė, wadda take dafa dankali a ciki. Sama ta yi baƙi. Mutanen rigar lilin, da rigunan sanyi a ƙarƙashi, suna zagaye da wuta suna waƙa, ana kiran sunayen waɗanda suka tafi, ana zuba gishiri. Aka kira Aldona. Rimas ya cire hula, ya kuma danne bakinsa da ita don kada wani abu ya fito. Da aka gama, Vaidotas ya shimfiɗa toka a tukunyar, ya ɗora garwashi jajir, ya rufa da wata tokar.

"Ka bar murfin a ɗan karkace. Kada ka dame ta. Ni da Nijolė za mu jira a ɗakin lambu."

Rimas da Zenonas suka gangaro tasha. Bas ta tsaya, direbar abokiyar aikin Rimas ce, ta kalli tukunyar tana hayaƙi ta kalle shi.

"Mene ne wannan, Rimas?"

"Miya ce."

"Miyar da ke ƙona safar hannu? Ba kai ne ka sauke wani dattijo bara saboda galan ɗin kananzir ba, har kana karanta masa doka? Sauka mini."

Suka kama hanya a ƙasa, daga wannan gefen gari zuwa wancan. Tun ba su yi nisa ba yayyafi ya fara. Rimas ya rungume tukunyar da tawul, tumbinsa ya yi mata rumfa, Zenonas na biye da lema mai karyayyen ƙarfe yana haki.

"Ka san shekaruna kuwa? Likita ya ce in riƙa tafiya, bai ce in yi hijira ba."

"Riƙe lemar daidai, mai haƙoran aro. A kanta, ba a kan sanƙonka ba."

An ce kada ya dami wutar. Amma Rimas bai taɓa ɗaukar fasinja ya bar shi ba hira ba. Kowace kusurwa sai ya ɗaga murfi ya tona da tsinke ya ga ko tana nan. Tana nan. Ya ce mata ta yi haƙuri, tasha ta gaba ce. Ya ba ta labarin yadda aka gyara titin nan aka ɓata. Ya ce mata shi fa ba da wata manufa ya yi ba, bakinsa ne ba shi da birki, ta tambayi kowa. Duk buɗewa iska ta shiga, ɗigon ruwa ya faɗa ya yi cuu. A kan gada, inda iskar kogi ke kaɗawa ba shamaki, ya ɗaga murfin ya tona, ya sake tonawa har ƙasa. Ya cire safar hannu ya sa yatsa. Ɗumi-ɗumi kawai, kamar shayin da aka manta.

Suka tsaya jikin ƙarfen gadar, motoci na watsa musu ruwa. Zenonas ya laluba aljihu ya fito da laita.

"Ga gawayi nan, ga busasshen tsinke a jakata. Mu shiga ƙarƙashin rumfar can, kafin ka ce kwabo ta kama. Wuta wuta ce, mutumina. Wa zai tambaye ta takardar haihuwa?"

Rimas ya karɓa. Ya juya ta a hannu. Rabin rayuwarsa ya yi yana ɓoye jifa a bayan kwalin da yake kafawa a gabansa a matsayin uban wasa, yana rage wa dodanni ƙarfi a asirce don kada ran wani ya ɓaci ranar Lahadi, kuma bai taɓa jin ko ɗar ba. In ya kai wuta, Vaidotas zai zauna, zai ci abinci. In ya kai toka, ƙila ya ɗauki kwat ya tafi, tafiyar da ba dawowa. Sai dai ya hango shi durƙushe kowane mako yana ba wutar laitar Zenonas gishiri, yana yi mata magana a hankali, shi kuma Rimas yana zaune a bayansa ya sani. Ya ga ba zai iya riƙe wannan a baki ba, kuma ko ya iya ba ya so.

"Riƙe abarka," ya ce.

"Kai dai ka cika wahalar da kai. Duk tafiyar nan a banza?"

"Tafi mu je."

Sauran hanyar bai ce uffan ba, har Zenonas ya fara leƙa fuskarsa ko lafiya.

A ɗakin lambu Vaidotas ya riga ya jera itace a murhun, siraran a ƙasa, manya a sama. Nijolė na tsaye da hannu cikin hammata. Rimas ya shigo yana ɗiga, ya ajiye tukunyar a ƙasa.

"Ta mutu. A kan gada."

Vaidotas ya durƙusa, ya cusa hannu cikin tokar har wuyan hannu, ya juya, ya fitar. Ya kalli Zenonas, wanda taba ke bayan kunnensa, laita kuma na leƙowa daga aljihun ƙirji. Ya kalli Rimas.

"Ka yi ta buɗewa, ko?"

"Sau ɗaya. Ko biyu."

"Ƙarya yake," in ji Zenonas. "Hira ya yi ta yi mata tun daga tudu. Har tarihin kwalta ya ba ta. Ni ma da ni ne garwashin da na mutu."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Vaidotas, ya sunkuyar da kai yana goge hannu a wando.

"Ba za a sake kunna ta tudu ba sai tsakiyar hunturu," ya ce. "Ranar ni zan riƙe tukunyar. Kai ka riƙe lema, a bayana, nesa."

"Kafin nan fa?" in ji Nijolė. "Ɗakin nan ba wuta, sanyi zai kashe mu. Ku zo mu koma gidanmu, akwai hita."

Vaidotas ya ja kujerarsa ta kullum, ya zauna da kwat ɗinsa da hularsa, ya ce a miƙo masa farar takarda, ta sabon jarumi. Nijolė ta kalli mijinta, ta ɗaga kafaɗa, ta zaro almakashi daga jaka ta hau yanke kan yatsun safar hannunta. Zenonas ya ce shi dai a rubuta cewa ya yi gargaɗi.

Rimas ya kafa kwalinsa, haƙoransa na haɗuwa, numfashin kowa na fita fari. Ya yi gyaran murya. Ya ce tsakiyar lokacin zafi ne, an yanke ciyawa tana bushewa a fili, ƙudan zuma sun bugu da rana, ƙaton Nijolė ya tuɓe riga yana gumi a bakin wata rijiya, ga wani baƙo yana tahowa a kan hanya, ba a san ko wane ne ba tukuna.

Vaidotas yana rubutu da yatsu sandararru, bai ɗago ba.

"Ƙara rana," ya ce.